Tarihin Biyan Ɓarna a Ƙasar Gezawa da Shari'ar Sauyin Yanayi

Duk wanda ya bar birnin Kano ya nufi arewa maso gabas, ya ratsa ta Jogana ya shiga ƙasar Gezawa a tsakiyar damina, abin da zai fara lura da shi shi ne babu wani fili da aka bari banza, domin gona tana manne da gona, gero da dawa da wake da gyaɗa suna cakuɗe a kunya ɗaya, itatuwan gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya kuwa suna tsaye jefi-jefi a tsakanin shuka, kowace bishiya da mai ita. Ƙidayar shekarar 2006 ta sami mutum 282,069 a wannan ƙaramar hukuma, wadda faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 340 ba, watau fiye da mutum 800 ke nan a kowane murabba'in kilomita guda, kuma akasarinsu da ƙasar nan suka dogara wajen abincinsu. Ƙasar da mutane suka cika ta haka tun zamanin kakanni, har hutar da gona ya zama abin da sai a labari, ba za ta zaunu lafiya ba sai da ƙa'ida mai ƙarfi game da wanda ya yi ɓarna da wanda aka yi wa. Tarihin wannan ƙa'ida nake nufin bibiya a nan, saboda ina ganin tana da abin cewa a kan wata babbar shari'a da ake tafkawa yau a kotunan duniya.

Sirrin zaman waɗannan mutane a kan ƙasa mai rairayi, wadda ruwan sama ba ya sauka a kanta sai wata huɗu ko biyar a shekara, shi ne haɗa noma da kiwo a gida ɗaya. Da damina ana ɗaure awaki da tumaki a turke ana kawo musu ciyawa, da rani a ba su harawar wake da ta gyaɗa da karan dawa, takin da suka tara kuma a kwashe shi a mangala a kai gona kafin ruwan shuka. A da, jakuna sukan shiga birni da itace su komo da shara da toka, ta yadda birni da karkara kowa yana ciyar da ɗan'uwansa. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru masu yawa yana nazarin wannan yanki na kewayen Kano, kuma ƙauyen Tumbau na ƙasar Gezawa yana cikin wuraren da shi da abokan aikinsa suka zauna suka auna amfanin gona da taki da yawan aikin da ake zubawa a kowace gona. Abin da suka tabbatar shi ne, duk da yawan jama'a, manoman nan sun riƙe albarkar ƙasarsu da guminsu da dabararsu.

To, a inda kowane taku na ƙasa yake da mai shi, akuya ɗaya da ta tsinke igiya ta isa ta haɗa maƙwabta faɗa, balle garken shanu da ya kauce daga burtali. Saboda haka al'ada ta tsara hanya sananniya: wanda aka yi wa ɓarna ba ya ɗaukar fansa da hannunsa, sai ya kama dabbar in ya same ta, ya kai ƙara wurin mai unguwa, shi kuma ya tashi dattawan da suka san noma su je su gani da idonsu, su bi sawu, su kimanta dami nawa gonar za ta bayar da ba a taɓa ta ba, sa'an nan a kira mai dabba a faɗa masa abin da zai ranka. In ya amsa, magana ta mutu a nan, sau da yawa ma mai gona yakan yafe wani sashe saboda zumunci da maƙwabtaka. In kuwa ya ƙi, a wuce gaban dagaci, daga nan sai hakimi ko alƙali.

Wannan tsari yana da tushe mai zurfi a cikin shari'a. Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul Anbiya, ya ba da labarin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare su, lokacin da suka yi hukunci a kan gonar da tumakin wasu mutane suka shiga da dare, kuma malaman tafsiri sun bayyana cewa hukuncin Sulaimanu shi ne mai tumaki ya gyara gonar har ta koma yadda take, mai gona kuwa ya amfana da tumakin kafin nan. Imamu Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa ƙissar taguwar Bara'u ɗan Azib da ta shiga lambun wani mutum, inda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ɗora tsaron lambu da rana a kan masu lambu, ya kuma ɗora lamunin ɓarnar dare a kan masu dabbobi, kuma da wannan hukunci ne Ibn Abi Zaid ya zo a cikin Risala, littafin da kusan babu zauren karatu a ƙasar Kano da ba a karanta shi. Fuƙaha'un Malikiyya ba su tsaya ga dabbobi kaɗai ba, domin Muhtasar na Shehu Halil ya ambaci cewa alƙali yana hana hayaƙin da ke cutar da maƙwabci, irin na gidan wanka, da wari irin na majema, ko da kuwa mai sana'ar a cikin milkinsa yake aikinsa. Wannan ilmi ya daɗe a Kano: Shehu Magili ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha a kan wajiban sarauta a ƙarshen ƙarni na 15, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo kuma a Kano ya wallafa Liya'ul Hukkam domin shiryar da masu hukunci a farkon zamanin jihadi. Ko da Turawa suka ci Kano a 1903, sun bar kotunan alƙalai da majalisar shari'a ta Sarki suna aiki, kuma littattafan ƙararraki na majalisar Sarki Abbas na shekarun 1913 da 1914, waɗanda suka wanzu har yau, suna nuna talakawa suna kawo kukansu a kan gonaki da dukiya ana saurarensu.

Duk wanda ya dubi waɗannan hukunce-hukunce da idon basira zai ga ƙa'idoji uku: cewa halaccin sana'a ba ya halatta cutar da wani da ita, cewa wanda ya zama sanadin ɓarna yana ɗaukar lamuninta ko da ba hannunsa ne ya karya karan ba, da cewa sani yana ƙara nauyi, domin wanda aka yi wa gargaɗi a kan bangonsa da ya karkata ko dabbarsa mai cizo, ya yi biris har ta yi ta'adi, ba shi da sauran uzuri.

Amma akwai wata ɓarna da ta fi ta kowane garke girma, wadda ba a taɓa kai ƙararta gaban alƙali ba, ita ce ta fari. Tarihin ƙasar Kano cike yake da shekarun da sama ta ɗauke: yunwar 1913 zuwa 1914, wadda a sassa da yawa na ƙasar Hausa ake kira Kakalaba, ta zo ne jim kaɗan bayan isowar jirgin ƙasa da buɗewar cinikin gyaɗa, ta kuma halaka mutane masu yawan gaske; aka sake shan wuya a 1927; sa'an nan babban fari na 1972 da 1973, inda ruwan da ya sauka a Kano ya yi ƙasa ƙwarai da abin da aka saba, cutar gyaɗa ta 1975 ta biyo baya ta rushe dalar gyaɗa, fari kuma ya komo a 1983 da 1984. A kowane karo abin da jama'a suka sani shi ne su tuba, su yi sadaka, su fita sallar roƙon ruwa, su buɗe rumbun tsimi, mazaje su tafi cin rani, masu hali su taimaki marasa hali. Wannan shi ne daidai a wurin mumini, kuma a wancan zamani babu wata bayyina da za ta sa a tuhumi wani ɗan Adam da hannu a cikin al'amarin.

Abin takaici shi ne, lokacin da aka fara neman mai laifi, manomi da makiyayi aka nuna. A 1935 wani Baturen gandun daji mai suna Stebbing ya yi shelar cewa Sahara tana gangarowa kudu tana cin ƙasa, ya ɗora alhakin a kan saran daji da kiwo, ko da yake hukumar haɗin gwiwa ta Ingila da Faransa da ta zagaya iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 da 1937 ba ta sami shaidar da ta gaskata tsoron nasa ba. Bayan farin shekarun 1970 zargin ya dawo da sabuwar riga, domin a 1975 masanin yanayi Jule Charney ya kawo ra'ayin cewa ƙasar da dabbobi suka cinye ciyawarta takan yi fari fat ta mayar da hasken rana sama, wannan kuma ya hana hadari haɗuwa. Shekara da shekaru ana rubuta rahotanni a kan cewa talakan Sahel shi ya jawo wa kansa, alhali binciken da aka yi a gonakin kewayen Kano ya nuna itatuwa ba su ƙare ba, domin manomi shi ke shuka su, shi ke tsaronsu, yana sassabe reshe ba ya kashe uwa.

Daga baya gaskiya ta fara bayyana daga wata fuska. Tun 1986 masana a Ingila suka nuna cewa ruwan saman Sahel yana bin zafi da sanyin tekuna, kuma a 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka ƙarfafa wannan da hujja mai nauyi, cewa canjin ɗumin teku shi kaɗai ya isa ya bayyana mafi yawan farin da aka yi. Wasu masu bincike suka ƙara da cewa ƙurar farar wuta da masana'antun Turai da Amurka suka riƙa fitarwa daga ƙona kwal da mai ta sanyaya arewacin Tekun Atlantika, har ta tura hanyar damina ta yi kudu, duk da cewa malaman fannin suna da saɓani a kan girman rabon wannan sababi idan aka gwada shi da jujjuyawar da teku ke yi bisa ɗabi'arsa. Abin da babu saɓani a kansa shi ne iskar kabon da ƙona kwal da fetur da gas ke haifarwa, wadda ta tashi daga kimanin kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa fiye da 420 a yau, tana riƙe zafi a sararin duniya, tana sa bazara ta ƙara tsanani, ruwa kuma in ya zo ya zo da ƙarfin da ƙasa ba za ta iya sha ba. Ambaliyar 2022 ta kashe fiye da mutum 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, kuma masana da suka bincika sun ce sauyin yanayi ya riɓanya yiwuwar irin wannan ruwa kusan sau 80. Nahiyar Afirka baki ɗaya kuwa ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na wannan iska.

A kan wannan ne gwamnatoci a wasu ƙasashe suka fara kai kamfanonin mai ƙara. A watan Yuli na 2017 wasu ƙananan hukumomi uku a jihar Kalifoniya ta Amurka suka shigar da tasu, jihar Rod Ailan ta zama jiha ta farko a 2018, birnin Honolulu ya bi a 2020, sa'an nan a watan Satumba na 2023 gwamnatin Kalifoniya da kanta ta tuhumi Exxon da Shell da BP da Chevron da ConocoPhillips. Zuciyar da'awarsu ita ce sani, watau ƙa'ida ta uku da muka ambata, domin takardu sun fito da ke nuna cewa tun 1977 wani masanin Exxon mai suna James Black ya faɗa wa shugabannin kamfanin hatsarin da ke tafe, masu ƙara kuma suna cewa maimakon a faɗakar da jama'a sai aka kashe kuɗi wajen jefa shakka a zukatansu. Kamfanonin sun musanta, suna cewa abin da suka sayar halal ne, duniya ce ta nema, kuma mas'ala irin wannan ta majalisun dokoki ce, ba ta alƙalai ba. Wasu kotuna sun karɓi wannan uzuri, domin an kori ƙarar birnin Niyok, jihar Niyok ma ta sha kaye a hannun Exxon a watan Disamba na 2019. Wasu jihohi kuma suka bi ta hanyar doka, kamar yadda Niyok ta yi a ƙarshen 2024, inda ta wajabta wa manyan kamfanoni biyan dala biliyan 75 cikin shekara 25.

Babbar wahalar shari'ar ita ce rabon alhaki idan masu ɓarna suna da yawa. Amma a 2013 wani mai bincike, Richard Heede, ya ƙididdige cewa kusan kashi biyu cikin uku na iskar da masana'antu suka fitar tun 1751 ya samo asali ne daga kamfanoni da hukumomi 90 kacal, ya kuma fitar da rabon kowanne. Da irin wannan lissafi ne wani manomi ɗan ƙasar Peru, Saúl Luciano Lliuya, ya kai kamfanin lantarki na Jamus mai suna RWE ƙara a 2015, yana neman ya biya gwargwadon rabonsa, wanda bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba, na kuɗin kare garinsu daga ambaliya. Kotun birnin Ham ta kori ƙarar a watan Mayu na 2025 saboda ba ta gamsu cewa gidansa yana cikin hatsari na kusa ba, amma ta yarda da asalin ƙa'idar, cewa nisan wuri ba ya kuɓutar da babban mai fitar da hayaƙi daga lamuni. Ranar 23 ga Yuli na 2025 kuma Kotun Duniya da ke birnin Heg ta ba da fatawa cewa ƙasar da ta yi sakaci da wajibinta na kare yanayi ana iya neman diyya a wurinta.

A Nijeriya talakawa ne suka riga hukuma. A watan Nuwamba na 2005 Babbar Kotun Tarayya da ke Benin, a ƙarar da Jonah Gbemre ya shigar a madadin mutanen Iwherekan, ta yanke cewa ƙona gas a sarari tauye haƙƙin rayuwa ne, amma har yau wutar ba ta mutu ba, ko da yake dokar 1979 ta sa 1984 a matsayin wa'adi. Manoma huɗu daga Oruma da Goi da Ikot Ada Udo suka kai Shell ƙara a Holan a 2008 saboda malalar mai, kotun ɗaukaka ƙara ta ba da hukunci mai goyon bayansu a watan Janairu na 2021, daga bisani aka biya yuro miliyan 15. Gwamnatin tarayya kuwa hannunta a ɗaure yake, domin kamfaninta na NNPC shi ne mai kaso mafi tsoka a haɗin gwiwar haƙar man, kuma daga kuɗin nan ne kowace jiha da ƙaramar hukuma, har da Gezawa, take karɓar rabonta duk wata. Duk da haka Kano ta taɓa nuna cewa jiha tana iya tsayawa a gaban babban kamfanin waje, domin a 2007 gwamnatinta ta kai Pfizer ƙara a kan gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara kimanin 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kuma a 2009 aka yi sulhu a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

La'alla wani ya ce ruwa da fari na Allah ne, kai ƙara a kansu kamar jayayya ce da ƙaddara. Amsar ita ce shanun da suka shiga gona ma da ƙaddarar Allah suka shiga, amma shari'ar da Ya saukar ba ta sallami mai su ba, domin imani da ƙaddara yana kwantar da zuciyar wanda aka cuta, ba ya wanke hannun wanda ya yi cutar. Wani kuma zai ce ai dukanmu muna ƙona fetur, daga mai babur har mai injin ban ruwa. Wannan gaskiya ne, kuma adalci ya hukunta kowa ya ɗauki gwargwadon nasa, amma wanda ya tara ribar shekara ɗari, ya kuma san illar tun da wuri, ba za a auna shi da mudu ɗaya da mai sayen lita biyu ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Saboda haka ina kira ga masu riƙe da al'amuran jama'a a Kano da maƙwabtanta su fara da abin da dattawan Gezawa suke farawa da shi, watau zuwa gona a gani da ido a kimanta, domin bayyina tana kan mai da'awa, kuma babu kotun da za ta saurari kuka maras lissafi. A kafa ma'aunin ruwan sama a kowace gunduma, a rubuta ranar shuka da ranar da ruwa ya ɗauke, a ƙididdige gonakin da ambaliya ta ci da gidajen da suka rushe, a adana wannan shekara bayan shekara a hannun hakimai da jami'o'inmu. Malamanmu na fiƙihu da lauyoyinmu su zauna wuri ɗaya su fitar da hukuncin wannan sabuwar mas'ala daga tsofaffin ƙa'idojinta, wakilanmu kuma su nemi haƙƙin manoma daga asusun asara da ɓarna da ƙasashen duniya suka amince da kafawa a Masar a 2022. Manomin da aka zarga shekara hamsin da laifin da ba nasa ba ya cancanci hukumarsa ta tsaya masa, kuma wannan amana ce da Allah zai tambayi shugabanni a kanta.